Yatsu Uku na Sulan

Ka taɓa ɗaga abin da in ya lalace a hannunka babu inda za a samo wani, ba don kuɗi sun gaza ba, sai don an hana sayar da shi? Kuang Sulan ta ɗaga irinsa sau dubu ɗaya da ɗari tara da goma sha shida. Wannan ba ƙiyasi ba ne. Duk wanda ya hau hawa na bakwai a benen masu gyara da ke kasuwar Huaqiangbei, a Shenzhen, ya tambaya, adadin da za a ba shi ke nan.

Abin da take ɗagawa bai cika tafin hannu ba. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ce, baƙa, mai kusurwa huɗu, tana zaune a tsakiyar wani kati mai tsawon kamu guda. Irin katunan nan ne ake jerawa ɗaruruwa a ɗakuna masu sanyi ana koya wa kwamfuta magana da lissafi da duba hoton marar lafiya, abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. A ƙarƙashin kowace ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin dalma sama da dubu uku, kowace ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Su ke riƙe ta, ta cikinsu kuma wuta ke bi. Kati yana aiki ba hutu, ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce, wata rana ƙwaya ɗaya ta tsage, shi ke nan kati ya mutu. Aikin Sulan shi ne ta gasa katin har dalmar ta narke, ta ɗaga ƙwaƙwalwar, ta share gurbin, ta jera sababbin ƙwayoyi, ta mayar. Masu sana'ar suna ce wa wannan aiki shuka.

Shekararta arba'in da bakwai. A wani ƙauye kusa da Shaoyang, can Hunan, aka haife ta, gidan masu noman shinkafa da lemo. Tana da sha bakwai ta hau jirgin ƙasa zuwa Shenzhen, awa goma sha tara a tsaye, da jaka ɗaya da kwalbar barkonon da uwarta ta daka mata. Ta yi shekara huɗu a masana'antar rediyo tana ɗiga dalma wuri goma sha huɗu a kowane allo. A can ta haɗu da mijinta, Dou Fuming, wanda yanzu yake gadin ƙofar wani rukunin gidaje, mutumin da zai wuni bai yi magana goma ba. 'Yarsu ɗaya, tana Changsha da mijinta. Bayan rediyo ta yi shekara sha ɗaya a masana'antar wayar hannu, sannan ta sauko kasuwa ta zauna a teburin gyara. Ɗakinsu taku shida ne a tsaye, huɗu a kwance. Daga ƙofarsa zuwa wurin aiki tasha tara ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Kafin ƙarshen shekarar 2022 sana'ar ta kama hanyar mutuwa. Waya ta yi arha, in ta lalace a yar a sayi wata. A shagon maigidanta, Weng, tebur huɗu ne, biyu babu kowa. Sulan har ta aika wa ƙanenta ya je ya duba rufin tsohon gidansu na ƙauye, ta fara lissafin kajin da za ta kiwata. Sai wata rana suna cin abincin rana, Tsoho Miao, wanda teburinsa ke manne da nata, ya karanto a wayarsa cewa Amurka ta hana a sayar wa Sin manyan ƙwaƙwalen nan. Ta tambaye shi su kuma me ya shafe su. Ya ce shi ma hoton ne ya burge shi ya buɗe.

Ba a yi wata biyu ba suka ga abin da ya shafe su. Da can in irin katin nan ya mutu, kamfani ake mayar wa a karɓi sabo. Yanzu babu mayarwa, babu sabo, duk wanda ya mutu sai an tashe shi. Mutane suka riƙa fitowa daga lifta rungume da kwalaye kamar masu kai jarirai asibiti. Tebur huɗu ya koma goma sha uku. Weng, wanda da shi yake share shagonsa da kansa, ya sa aka keɓe masa ofis da gilashi, ya sayi teburin shayi na katako mai nauyin da sai da mutum huɗu suka ɗauka. Sulan aka ba teburin bakin taga, inda haske ya fi kyau, kuma a benen nan kowa ya san ma'anar wannan tebur.

Dokar ba ta zauna wuri ɗaya ba. A tsaurara, a ƙera wani kati mai rauni don kasuwar Sin, shi ma a hana, a sake buɗewa, sai kuma a ji manyan Sin na cewa a bar na waje a koma na gida. Miao ne mai shela, yana karantowa kamar sakamakon ƙwallo.

"Yau kuma wa ya ci?" Sulan takan tambaya, ba tare da ta ɗago ba.

"Su sun ce sun ci, namu sun ce sun ci. Ni da ke dai babu tashi sai an kashe fitilar bene."

"Kai da ka tsufa, ka tafi gida mana."

"In tafi in bar katunan mutane da ke? Wanda ya mutu a teburina jiya, numfashinki ne ya kashe shi. Ku mutanen Hunan ko shayi sai kun zuba masa barkono."

Yanzu bari a faɗi inda gwanintar take, don in ba a san shi ba ba za a gane sauran labarin ba. Injin gashi yana da ma'auni, yana nuna zafi da lambobi ja. Amma ma'aunin zafin iska yake gani, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Don haka in lamba ta kai inda dalma ke narkewa, mai gyara yakan ɗauki hantsaki ya ɗan taɓa kusurwar ƙwaƙwalwar, taɓawar da ba ta kai ta ture ƙuda ba. In duk ƙwayoyin sun narke, ƙwaƙwalwar takan ɗan gusa ta dawo, kamar ganye a kan ruwa. Ido ba ya kama wannan motsi sosai. Yatsa ne ke jinsa ta cikin ƙarfen hantsaki. In ka ɗaga da sauran ƙwaya goma a tsakiya ba su narke ba, za su taso da jan ƙarfen da ke jikinsu, a rasa kati a rasa ƙwaƙwalwa. In ka daɗe kuma, ka ƙona ta. Tsakanin wuri da latti bai wuce sakan ashirin ba. Abin da aka ba Sulan teburin taga dominsa ke nan: babban yatsa, manuni da na tsakiya, na hannun dama.

A hutun sabuwar shekarar bara ta je ƙauye. Tana yanka barkono a kicin ɗin ƙanenta sai ta ga jini a kan katako. Ta duba wuƙar, ta duba barkonon, sannan ta ga ashe manuninta ne ya tsage. Ga yanka, ga ruwan barkono a ciki, ba ta ji komai ba. Ta tsaya tana kallonsa kamar yatsan wani. Ta ɗaure da tsumma ta ƙarasa yankan.

Da ta dawo Shenzhen ta je wani ƙaramin asibiti ranar hutunta. Likita ya soka mata allura a yatsu biyar, ta ji biyu. Ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, shekara talatin na riƙe abu ɗaya a wuri ɗaya. Ya ce ta ajiye aiki wata shida, ko a yi tiyata, kuma ko an yi bai yi alkawarin jin zai dawo ba, tunda abin ya daɗe yana tafiya ba ta lura ba. Ta ninke takardar gida huɗu ta cusa a ƙarƙashin katifa. Ba ta gaya wa Weng ba, ba ta gaya wa Miao ba, ko Dou ba ta gaya wa ba. A wannan bene mutum goma sha biyu ne ke son teburin taga, kuma wanda ya tashi wata shida ba ya dawowa ya tarar da kujerarsa.

Sai ta nemi dabara, kuma ta samu. Ta ɗaga irin katin nan fiye da sau dubu, jikinta ya san tsawon jiran. Ta zauna ta auna: daga lokacin da lamba ta kai ɗari biyu da goma sha bakwai zuwa lokacin da ƙwaƙwalwa ke sakin jiki, sakan hamsin da biyu ne. Ta gwada a matattun katunan da ba a damu da su ba, sau talatin, sau talatin ta fita lafiya. Daga nan ta koma ƙirga. Lamba ta kai, ta fara ɗaya, biyu, uku a zuci. A hamsin ta ɗauki hantsaki ta taɓa kusurwa don masu kallo, ta ɗan karkata kai kamar mai saurare. A hamsin da biyu ta ɗaga.

Wata goma sha huɗu ta yi a haka. Ƙwaƙwalwa ɗari takwas da shida, ko ɗaya ba ta lalace ba. Za ka yi zaton kullum gabanta faɗuwa yake yi. A watan farko ya yi. Daga baya ya daina. In kati ya tashi ba ta jin daɗi, in Weng ya yabe ta gaban baƙi ba ta jin kunya. Ta koma cin abinci da cokali, ta ce wa Miao ci da tsinkaye biyu irin nasu ɓata lokaci ne. Ta daina sayen riga mai ƙananan maɓallai. Tasha tara zuwa, tasha tara dawowa, tana riƙe da ƙarfen jirgi da hannun hagu.

A watan Maris ɗin bana, lokacin da iskar kudu ke dawowa bango ya yi ta zufa, wani mutum ya fito daga lifta da jakar goyo a ƙirjinsa, ba a bayansa ba. Sunansa Ruan, siriri, da tabarau, daga Guiyang ya taso. Shi da abokan aikinsa biyar suna koya wa kwamfuta duba hoton ƙirjin masu haƙar ma'adinai, don ƙananan asibitocin da ba su da likitan huhu. Kati shida suke da shi. Huɗu sun saya kafin doka. Biyu kuma bara suka samo ta bayan fage, a hannun wani da ya san wani. Ɗaya daga cikin biyun ya mutu, ɗayan yana ɗaukewa yana dawowa. Ya ciro su naɗe a cikin bargon jariri, ya ce an ce masa ya nemi Yaya Sulan, kada ya yarda kowa ya taɓa sai ita.

Ta juya katin farko. Inda lambar kamfani take an goge ta da dutse, wurin ya yi fari. Wannan ba sabon abu ba ne. Masu shigo da kati ta ɓoye sukan goge lamba don kada a bi sawun ƙasashen da ya ratso, kuma a benen nan ba a tambayar kati daga ina ya fito. Mai shi ma sau da yawa bai sani ba. Ta duba shi a madubin ƙara girma, launi ɗaya, tsari ɗaya da sauran ɗaruruwan. Weng ya dafa kafaɗar Ruan ya ce ya je ya yi barcinsa, matar nan ko da ido rufe za ta yi. Sulan ta sa katunan biyu a tanderu su kwana su bushe, awa ashirin da huɗu, don a irin wannan danshi kati yakan sha ruwa, in aka gasa shi haka nan ya kumbura.

Washegari da ƙarfe goma saura kwata ta ɗora na farko a inji. Ruan na tsaye bayan layin da aka ja wa baƙi a ƙasa. Lamba ta hau, ta kai. Ɗaya, biyu, uku. A hamsin ta taɓa kusurwa, ta karkata kai. A hamsin da biyu ta ɗaga.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an ɓarke bakin zani. Amma mutum goma sha uku da ke ɗakin duk sun san ta, injinan hannu suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Ta kife ƙwaƙwalwar a ƙarƙashin madubi. Gefe-gefe dalma ta narke tana ƙyalli. A tsakiya kuwa wuri arba'in da ɗaya sun taso da jan ƙarfensu, ga tsaga ta ratsa daga kusurwa. Ta ƙirga sau biyu, arba'in da ɗaya. Miao ya taso ya ɗauki katin, ya auna shi a tafin hannu, ya kankare gefensa da wuƙa ya duba. Ya ce ba na asali ba ne. Wani ne ya ciro ƙwaƙwalwar daga wani kati ya dasa ta a kan wanda aka buga a nan gida, ya yi masa fenti iri ɗaya. Jan ƙarfen cikinsa ya fi kauri, yana shanye zafi, sai an ƙara masa jira. Ya zagi wanda ya yi aikin, ya zagi wanda ya goge lambar, ya haɗa da manyan ƙasashen biyu. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, kuma kowa a ɗakin ya san shi: ko kati na jabu ne, hantsaki ba ya ƙarya. Wanda ya taɓa kusurwar nan zai ji ta a kafe.

Ruan bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga ya mayar. Ya tambaya ko akwai abin da za a iya yi, aka ce babu. Ya ce to a naɗe masa gawar, zai kai wa abokan aikinsa su gani da idonsu. Ya ce hotuna dubu arba'in ke jiransu, da kati shida aikin wata biyu ne, yanzu bai sani ba. Sannan ya dubi Sulan.

"Yaya, na biyun fa? Gobe za ki iya?"

Ta ce masa gobe. Ta share teburinta, ta jera hantsakanta huɗu bisa tsawonsu. Ta jira ta ji wani abu, tsoro ko kunya. Abin da ta ji kawai yunwa ce, ta ci shinkafarta duka.

Da ƙarfe uku Weng ya kira ta shan shayi, ita da Miao. Weng mutumin yankin Chaoshan ne, su kuma ba sa magana mai nauyi sai a kan shayi: 'yar buta, finjali uku kamar rabin ƙwai, ruwa yana tafasa ake zubawa. Ya ɗauraye finjalan, ya zuba, ya ce kada ta sa abin a ranta. Ɗaya a cikin kusan dubu biyu, ko injin kamfani ba ya haka. Shi zai san yadda zai yi da Ruan. Yana magana ta miƙa hannu ta ɗauki nata. Irin wannan finjali da bakinsa da gindinsa ake kamawa, a kurɓe da sauri a ajiye. Ita kuwa ta kama shi ta ciki da yatsu uku, ta riƙe, tana saurarensa. Weng ya ci gaba da magana, amma idonsa ya sauka kan hannunta. Maganar ta riƙa raguwa har ta tsaya. Ya miƙo hannu ya karɓe finjalin, ya yi saurin direwa yana yarfe yatsu. Fatar yatsunta ta yi ja.

Weng ya jawo littafinsa. Ya yago farar takarda daga littafi, ya kai hannu kansa ya tsige gashi ɗaya.

"Maigida, a yi hattara," in ji Miao. "Saura gashi ɗari biyu da shida a kan nan."

Babu wanda ya yi dariya, har shi Miao ɗin. Weng ya ce haka maigidansa ya gwada shi ranar da ya fara neman aiki. Za ta rufe ido, ya sa gashin a ƙarƙashin takarda, ta shafa ta nuna inda yake.

Ta rufe ido. Ta ɗora yatsu uku ta bi takardar daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. Kamar tana shafa tebur ta cikin katifa. Babu gashi, babu takarda, da ƙyar ma akwai tebur. Amma kanta yana aiki. Weng bahago ne, yana zaune a gabanta, kuma ta ji motsin takarda ta ɓangaren damanta lokacin da ya ɗaga. Mutum ba ya sawa a baki-baki, ba ya kuma sawa a tsakiya. Ta raba takardar gida huɗu a ranta, ta ɗora manuni a na dama na sama.

Ya ɗaga takardar. Gashin na nan, tazararsa da yatsanta bai kai faɗin farce ba.

Weng ya sauke ajiyar zuciya har kafaɗunsa suka faɗi. Ya yi dariya, ya ce shi ne da shegen zargi, mutanen Hunan dai fatarsu ta saba da wuta. Ya ce kati goma sha ɗaya ke layi, duk da sunanta aka kawo su, gobe ta fara da na Ruan. Ya sake ɗora ruwa.

Sulan na kallon gashin. Kati na biyu daga hannun mutum ɗaya ya fito da na farko. Ba ta san kaurinsa ba. Tana iya ƙara sakan goma, tana iya ƙara ashirin, duk canka ne, kuma babu matattun irinsa talatin da za ta gwada a kai. Guda ɗaya ne, yana cikin tanderu.

"Maigida, ban ji shi ba. Canka na yi."

"To ai kin canka daidai, Yaya. Sha shayinki."

"Wata goma sha huɗu ke nan ba na ji. Ƙirgawa nake yi."

Ruwa ya tafasa, babu wanda ya sauke. Weng ya tambaye ta guda nawa ta ɗaga a haka, ta gaya masa. Ya maimaita adadin a hankali, ɗari takwas da shida, kamar yana jin nauyinsa. Miao ya ce shi tun ranar da ta koma cokali ya san da wani abu, amma ya ɗauka addini ta canza. Sannan ya juya yana kallon bango.

Weng ya sauke ruwan daga wuta. Daga baya ya ce ba zai kore ta ba, idonta na nan. Akwai teburin dubawa a can ƙurya, kusa da tanderu, inda ake bin shukar kowa a madubi kafin a mayar da ƙwaƙwalwa. Amma inji, ba za ta ƙara taɓa shi ba, kuma dole ya gaya wa masu katunan nan goma sha ɗaya. Ta ce to. Ya ce ta tafi gida ta huta, ta ce saura awa uku a tashi.

Washegari Miao ne ya ɗora katin Ruan na biyu, a teburin taga. Ya ce ta zo ta tsaya a bayansa, wai warin barkono na hana shi gyangyaɗi. Ta tsaya. Lamba ta kai, ta fara ƙirga a zuci, don ba ta san yadda ake dainawa ba. A hamsin da biyu Miao ya taɓa kusurwa, ya janye hannu. Ya sake taɓawa a sittin da ɗaya, ya janye. Ruan ya tsallake layin baƙi, babu wanda ya hana shi. A saba'in da huɗu Miao ya taɓa, ya ce uhm, ya ɗaga. Gurbin ya fito fes, yana ƙyalli daga kusurwa zuwa kusurwa. Da yamma katin ya tashi. Ruan ya naɗe rayayye da matacce a bargo ɗaya, ya sunkuya wa Miao, ya sunkuya mata ita ma, ya shiga lifta.

A ranar ta ciro takardar likita daga ƙarƙashin katifa ta miƙa wa Dou. Ya karanta har ƙasa, ya juya bayanta ko da saura. Ya ce ranar hutunsa Talata ce, sai su koma asibitin tare. Ya tashi ya karɓi wuƙar da ke hannunta ya ƙarasa yanka albasa.

Yanzu tana ƙurya. Ƙwaƙwalwa ashirin zuwa ashirin da biyar take dubawa a rana, layi-layi, ƙwaya dubu uku da ɗoriya kowace. Ta mayar wa Miao aikinsa sau biyu a wata guda, ya ce ramuwa ce. An sa mata ranar tiyata a watan Yuli, likita ya sake cewa bai yi alkawari ba. Makon jiya Miao ya karanto cewa ana maganar sake taɓa dokar, wasu a benen na cewa aiki zai ninka, wasu na cewa nan da shekara biyu katin gida zai cika ko'ina a rufe shagunan nan. Ya ɗaga murya ya tambayi ƙurya ko ta ji. Ta ce ta ji, tana layi na talatin da takwas, kada ya ɓatar da ita.

Kai da ka karanta, yatsun da kake aiki da su, yaushe rabonka da ka tambaye su? Abin ba ya cin minti biyu. Tsige gashi ɗaya, ka ba wani ya sa a ƙarƙashin farar takarda a kan tebur mai santsi, ka rufe ido ka nema. In ka samu, a ƙara takarda ta biyu, sannan ta uku, ka ƙirga inda ka daina ji. Kada ka saurari motsin takarda, kada ka canka. Gwada yau.